Idan Zanen Tatu Ya Ƙi Kwanciya

Mai zuwa a yi masa tatu yakan shirya wa zafin allura, ya shirya wa kuɗin da zai biya, amma ba kasafai yake shirya wa abin da zai tarar bayan mako biyu ba. Ɓawo ya zube, ƙaiƙayi ya ɗan lafa, sai ya shafa wurin da yatsa ya ji layukan zanen sun yi tudu, har yana iya bin su ɗaya bayan ɗaya idonsa a rufe. A nan hankali ke tashi. Wani ya ce tawadar ce ba ta da kyau, wani ya ce mai zanen ne ya danna allura fiye da kima, wani kuma ya ruga kyamis ya sayo masa man shafawa. Zato biyun farko suna iya zama gaskiya. Amma galibi fata ce ba ta gama aikinta ba, kuma abin da ya fi ɓata ta shi ne hannun da ya ƙosa ya ga ta kwanta.

Ba sai an tuna wa mai karatu matsayin tatu a Musulunci ba. Hadisin da ya yi hani a kansa yana cikin Bukhari da Muslim, malamai kuma sun yi bayaninsa. Wannan maƙala ba kira ba ce ga kowa ya je ya yi. Magana ce a kan raunin da aka riga aka yi, masu shi kuwa suna nan cikinmu: 'yan ƙwallo, mawaƙa, ɗaliban da suka dawo daga karatu a waje, abokan zama da ba Musulmi ba, da matan da ake yi wa zanen gira na dindindin a shagunan kwalliya, wanda shi ma tatu ne ko da wane suna aka sa masa. A Amurka, ƙididdigar cibiyar Pew ta 2023 ta nuna kashi 32 cikin 100 na manya suna da tatu aƙalla guda, shi ya sa yawancin abin da aka rubuta kan jinyarsa daga can da Turai ya fito, kuma a kan farar fata aka gina shi. Za mu ga inda hakan ke ɓatar da mu. Aikin kansa dai ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shasshawar da wanzamai ke yi wa mata a fuska da wuya, a tsattsaga fata sama-sama da aska a goga mata baƙin tukunya, hanyarta ɗaya da ta tatu. Bambancin shi ne na'urar lantarki, wadda Samuel O'Reilly ya yi wa rajista a New York a 1891, tana huda fata sau dubbai a cikin minti guda.

Fata hawa-hawa ce. Hawan sama siriri ne ƙwarai, a yawancin jiki bai wuce kaurin takarda ba, kuma yana sabunta kansa kusan kowane wata. Lalle a nan yake tsayawa, shi ya sa yake gogewa. Allurar tatu sai ta wuce shi ta zuba tawada a hawa na biyu, zurfin milimita ɗaya zuwa biyu, inda jijiyoyin jini da na jin zafi suke. Jiki bai san ado ake yi ba. Abin da ya sani shi ne an huda shi an cusa masa baƙon abu. Nan take ƙananan jijiyoyin jini ke buɗewa, ruwa ya kwararo cikin nama, wurin ya kumbura ya yi zafi, wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makrofaj su taru su haɗiye ƙwayoyin tawadar. Ba su iya narkar da ita, sai su zauna da ita a cikinsu. A 2018 masu bincike a Marseille ta Faransa sun yi wa wutsiyar ɓeraye tatu da koriyar tawada, sannan suka kashe makrofaj ɗin da suka haɗiye ta. Zanen bai canza ba, domin sababbi sun zo sun sake haɗiye abin da matattun suka saki. Ma'ana garkuwar jiki ba ta taɓa sallamar wurin. Wannan yana iya bayyana dalilin da tatu ke saurin tasawa idan wani abu ya taɓa jiki, ko da ya shekara goma.

Kumburin farko, na kwana biyu zuwa uku, babu abin tsoro a cikinsa. Wurin yakan tsatso da ruwa mai ɗan yauƙi gauraye da tawada da ɗigon jini, ya ɓata zanin gado. Idan a ƙafa ne, musamman idon sawu, kumburin ya fi yawa ya kuma fi daɗewa, saboda ruwa ƙasa yake gangara. Daga wajen kwana na huɗu zuwa ƙarshen mako na biyu fata ke fara ɓarewa, ɓawo mai launin tawadar yana zubowa, ƙaiƙayi kuma ya kai maƙura. Bayan ɓawon ya tafi sai a ga sabuwar fata mai sheƙi, ta ɗan yamutse, zanen ya dusashe kaɗan. Saman ya rufe ke nan a mako biyu zuwa huɗu, kuma a nan mutane da yawa ke ɗauka an gama.

Ba a gama ba. A ƙarƙashi jiki yana ɗinke wurin da wani zare da ake kira kolajin, kuma ɗinkin farko irin na tela ne a jajibirin sallah: a dai haɗa a rufe, kauri ko karkata duk daga baya. Sai a cikin watannin da ke biyowa jiki ke warware wannan ɗinki yana sake shi da zare mai tsari, wurin yana laushi yana sauka. Aikin yakan ci wata uku zuwa shida, a wasu mutanen ya haura shekara. Layukan gefe na zane, waɗanda ake yi da allurai a dunƙule ana dannawa, su suka fi yin tudu, su ne kuma na ƙarshen kwanciya. Don haka tatu mai wata ɗaya ko biyu da ake jin layukansa da yatsa, ba ciwo, ba zafi, ba ruwa, yana kan hanya.

Tambayar da ta fi amfani ba ita ce ko wurin ya yi tudu ba, ita ce ina ya dosa. Ido ba ya riƙe bambancin jiya da yau, amma waya tana riƙewa. A ɗauki hoto sau ɗaya a mako, a wuri guda da haske guda, hasken ya bugo daga gefe yadda tudun zai yi inuwa. Hotuna uku ko huɗu sun isa su nuna ko sauka yake ko hawa, ko yana cikin layin zanen ko ya tsallake shi, ko duk zanen ne ko launi ɗaya kawai. Likitan fata ma abin da zai fara tambaya ke nan.

Jinyar kanta ba ta da yawa, wahalarta haƙuri. A wanke hannu kafin a taɓa wurin. A wanke shi sau biyu a rana da ruwa mai tsabta da sabulu marar turare, da tafin hannu, ba soso, a tsane shi da tsumma mai tsabta ba tare da gogawa ba, a bar shi ya sha iska kafin a shafa mai kaɗan, gwargwadon yadda fata za ta daina ja. Kuskuren da ya fi yawa shi ne lafta mai. Idan aka cika wa sabon tatu basilin, danshi ya rasa hanyar fita, ɓawon ya jiƙe ya kumbura ya yi laushi, ya manne wa riga, ya fita da tawada a jikinsa, a wasu lokutan ƙananan ƙuraje su feso a kewaye. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta fi son man shafawa mai ruwa-ruwa a kan basilin. Man kaɗanya tsantsa ba laifi bayan fata ta rufe, shi ma kaɗan. A lokacin hunturu ɓawo yakan bushe ya tsage, sai a ƙara yawan lokutan shafawa ba kaurin man ba. Da bazara kuwa zufa ce abokiyar gaba, sai tufa mai faɗi ta auduga da ɗauraye wurin idan an yi gumi. Wanka na ɗan lokaci ba ya cutarwa, amma jiƙa wurin a kogi ko wurin ninƙaya sai bayan ya rufe sarai. Rana tana ƙara kumburi, a rufe shi da tufa, bayan ya warke a riƙa shafa man kariyar rana.

Ga kumburi, ƙanƙara a nannaɗe cikin tsumma na minti goma tana taimakawa, haka ɗaga ƙafa ko hannu a kan matashi. Ga ƙaiƙayi, a ɗan bubbuga wurin da tafin hannu maimakon farce, idan ya hana barci a tambayi mai ilimin magunguna ƙwayar borin jini irin su setirizin ko loratadin. Ɓawon da ya rataya a bar shi ya faɗi da kansa. Duk ɓawon da aka ɓamɓare kafin lokacinsa sabon rauni ne a kan tsohon, kuma a irin wuraren ne tabo mai kauri ke fitowa.

Akwai abubuwan da ke cikin kusan kowane gida a nan waɗanda bai kamata su kusanci wurin ba: sifirit, man zafi, man goge baki, toka, ruwan lemun tsami, ruwan zafin gashi. Mafi haɗari a cikinsu shi ne mayukan nan na kyamis masu haɗin magani uku a bututu ɗaya, da mayukan bilicin, domin da yawansu suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi irin su kulobetasol ko betametason. Gaskiya ne suna sa kumburi ya sace cikin kwana biyu, kuma wannan ne tarkon. Suna kwantar da garkuwar wurin, su jinkirta rufewar rauni, su ɓoye alamun ƙwayar cuta yayin da take yaɗuwa a ƙasa. Niyomaisin da ke cikin wasunsu kuma shi kansa yana jawo wa wasu mutane ƙuraje da ƙaiƙayi, sai a ɗora laifin a kan tawada.

Wani lokacin laifin na mai zanen ne. Idan ya yi ta maimaita wuri guda don launi ya cika, ko ya nutsa allurar fiye da inda ya kamata, fata takan taunu, ɓawonta ya yi kauri, ya daɗe bai faɗi ba. Idan allurar ta kai kitsen da ke ƙasa, tawada takan nashe a gefen layi ta yi hazo. Wurin da aka tauna shi ke warkewa da tabo mai kauri, wanda ke bayyana cikin wata ɗaya zuwa biyu, ya yi tauri, ya yi ƙaiƙayi, amma ya tsaya cikin iyakar raunin. Yakan ƙaru na wasu watanni, sannan ya fara sauka da kansa cikin shekara ɗaya ko biyu. Man silikon ko filastar silikon suna taimaka masa, da sharaɗin fata ta rufe sarai, a kuma jure sa su aƙalla awa goma sha biyu a rana har wata biyu zuwa uku.

Sai kiloyid, wanda shi ne ya fi shafar mu. Kowa ya san shi ko da bai san sunan ba: dunƙulen nan mai tauri da sheƙi da ke fitowa a bayan kunnen yarinya bayan huji, ko a tsakiyar ƙirjin saurayi bayan ƙurji guda. Bambancinsa da tabo mai kauri shi ne ba ya tsayawa a iyakar rauni, yana cin lafiyayyar fata a gefe, yakan ɗauki watanni kafin ya bayyana, kuma ba ya komawa da kansa. Ya fi yawa ga baƙar fata nesa ba kusa ba, ya fi kama masu shekara 10 zuwa 30, yana bin jini, kuma yana da wuraren da ya fi so: ƙirji, kafaɗa, saman baya, haɓa da kunne. Abin takaici, ƙirji da kafaɗa su ne wuraren da samari suka fi miƙa wa mai tatu. Hudar tatu ba ta da zurfi sosai, shi ya sa ba kowa ke samunsa ba, amma tatun da aka tauna, ko ya ruɓe, ko aka sosa har ya yi miki, ƙofa ce a buɗe. Mutum yana iya sanin halin fatarsa tun kafin ya je: ya dubi tabon rigakafin BCG a damtsensa, da hujin kunnen 'yan uwansa, da wurin tsagar ƙaho idan an taɓa yi masa. Maganin kiloyid a hannun likitan fata yake, galibi allurar tiramsinolon ce da ake yi cikin tabon kansa duk bayan mako huɗu zuwa shida, kuma ƙarami ya fi babba jin magani. Yanke shi kawai ba tare da wani magani ba yakan sa ya dawo, sau da yawa ya fi na da girma.

A batun ƙwayar cuta ne rubuce-rubucen Turawa suka fi ɓatar da mu. Kusan dukansu cewa suke a lura da ja, ja mai yaɗuwa, jan layi mai hawa hannu. A baƙar fata ja ba ya fitowa yadda suke nufi. Wurin yakan ƙara duhu ne, ko ya yi shunayya-shunayya, ya yi sheƙi, ya ɗaure. Wanda ya zauna jiran ja zai makara. Gara a dogara da bayan hannu: a taɓa wurin a taɓa ɗaya ɓangaren jiki a ji bambancin ɗumi. Ciwon da ke ƙaruwa bayan kwana na uku maimakon raguwa, kumburin da ya wuce zanen, mugunya mai kauri, wari, kaluluwa a hammata ko matsematsi, zazzaɓi da rawar sanyi, duk wannan na asibiti ne a ranar, ba gobe ba. Mai ciwon suga da mai raunin garkuwar jiki kada ma su jira a haɗa alamu biyu.

Akwai kuma ƙwayar cutar da ba ta da hayaniya. A ƙarshen 2011 a Rochester ta jihar New York, mutum 19 suka fito da ƙuraje masu tauri a kan tatunsu cikin 'yan makonni, kuma a wuraren toka-toka na zanen kaɗai. Binciken da mujallar New England Journal of Medicine ta buga a 2012 ya gano Mycobacterium chelonae, dangin ƙwayar tarin fuka da ke rayuwa cikin ruwa, a cikin tawadar da aka sirka tun daga masana'anta. Shagon ba shi da laifin ƙazanta. A 2024 masu bincike na hukumar abinci da magunguna ta Amurka sun gwada kwalabe 75 na tawada da ba a buɗe ba, suka sami ƙwayoyin cuta a 26, har da tawadar kwalliyar gira. Idan haka abin yake a inda ake sa ido, ba sai an yi dogon bayani a kan tawadar da ake saye a intanet ana sirkawa da ruwan famfo ba. Irin wannan cuta ba ta jin man shafawa, sai an ɗebi ɗan nama an gwada, a sha magani na watanni. Batun allurar da aka yi wa wani amfani da ita kuwa ya wuce fata: binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda irin wannan allura ke iya yaɗawa.

Idan launi ɗaya ne ya tasa sauran suka kwanta, to zargi ya koma kan tawadar kanta, kuma ja ce ta fi yin wannan. A da ana haɗa ta da sinadarin makuri, yanzu an koma wasu rinayen masana'antu, amma matsalar ba ta kau ba. Wurin jan yakan yi kauri, ya yi garje, ya yi ƙaiƙayi mai hana sukuni, kuma yana iya farawa bayan watanni ko shekaru, wani lokaci rana ce ke tayar da shi. Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da sinadarai fiye da 4,000 a tawadar tatu tun Janairun 2022 saboda irin wannan. Abin da aka rubuta a jikin kwalba ma ba abin dogaro ba ne: a 2024 masana a Jami'ar Binghamton sun duba tawada 54, suka tarar 45 na ɗauke da abin da ba a ambata ba. Akwai kuma mai sauƙin ganewa: idan kumburin da ƙurajen sun bi siffar filastar da aka rufe wurin da ita, murabba'i sak, har kan fatar da ba zane, gam ɗin filastar ne. A cire ta, a wanke wurin.

Baƙar tawada ba ta cika jawo irin matsalar jar tawada ba, amma tana da nata. Asibitin Bispebjerg da ke Kwapanhagan yana da sashe na musamman na matsalolin tatu, kuma Farfesa Jørgen Serup da abokan aikinsa a can sun nuna cewa ƙulle-ƙulle masu tauri a cikin baƙin tatu sukan zama alamar farko ta sarkoyidosis, cutar da ke iya taɓa huhu da ido. Wanda tsohon tatunsa ya yi irin wannan ƙulli, balle da tari ko jan ido, gwaji yake bukata ba mai ba. Wanda kuwa tatunsa ke tasawa da yamma idan an yi zafi ko ya yi gumi, ya yi ƙaiƙayi, ya kwanta da safe, sinadarin histamin na jiki ne ke motsawa a wurin, kuma ba komai ba ne.

Saura masu son gyara da masu nadama. Kada a mayar da allura kan fatar da ba ta kwanta ba, ko da mai zanen ya ce kyauta zai cike inda tawada ta fita. A jira wurin ya yi laushi daidai da fatar gefensa. Masu son rabuwa da zanen gaba ɗaya, musamman waɗanda zuciya ta dame su ta fuskar addini, wasunsu kan kai ga ruwan batir, ko ƙarfe mai zafi, ko gurza da gishiri. Tawadar tana ƙasan inda waɗannan ke ƙonawa, sai a wayi gari ga ƙuna, ga kiloyid, ga zanen bai fita duka ba. Hanyar asibiti ita ce hasken leza, kuma ga baƙar fata nau'in Nd:YAG mai tsawon zango nanomita 1064 ya fi aminci, domin bai cika ƙona launin fatar kanta ba. Ana yin sa zama-zama da tazarar makonni, bayan an gwada a ɗan ƙaramin wuri. Jan tatun da jiki ya riga ya ƙi kuwa, likitoci da yawa ba sa haska masa leza, saboda fasa tawadar na iya watsa abin cikin jiki. A Bispebjerg shafte saman wurin suke yi da wuƙar tiyata, siriri-siriri, har a kai ƙarshen tawadar.